Muna Sayar Da Su A Kilo, Muna Neman Su Da Dala

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Sakkwato, ta ratsa ƙasar Boɗinga ta gefen Sifawa, ta bi ta Shagari da Tambuwal har ta kai Jega, ya san cewa tsofaffin motoci ba su gama yin ritaya ba. A ranakun kasuwa ana ganin Fijo ƙirar a-kori-kura ta sha lodin buhunan albasa ko na gero, har gindinta na neman taɓa kwalta. A cikin garuruwa kuwa, akwai gidajen da za ka tarar da Marsandin wani tsohon ma'aikaci ko ɗan kasuwa lulluɓe da tamfol, ana jiran ranar da za a samu wani ɗan ƙarfe ko 'yar roba guda ɗaya da ta hana ta tashi. Wasu sun yi shekaru suna jira. Wasu kuma magada sun gaji, sun kira 'yan gwangwan, an fasa an auna.

Abin da muke son jawo hankalin mai karatu a kai shi ne, da yawa daga cikin kayan gyaran da muke bin Legas da Kwatano, har da Jamus, muna nema da kuɗin waje, mu da kanmu muka sayar da irinsu jiya a kan sikeli, a farashin ruɓaɓɓen ƙarfe. Domin a ga yadda hakan ke faruwa, bari mu ɗauki na'ura ɗaya ƙarama mu bi sawunta, wato na'urar riƙe gudu, wadda kanikawa ke kira kurus.

Na'urar da makaho ya ƙirƙira

Aikin na'urar ba shi da wuyar fahimta. Idan direba ya kai gudun da yake so, a ce kilomita 90 a awa, sai ya taɓa wani ɗan hannu da ke kusa da sitiyari, ya ɗage ƙafarsa daga totur. Daga nan na'urar ce za ta riƙa auna gudun motar, tana ƙara wuta idan an zo hawa, tana sassautawa idan an zo gangara. Da zarar ya taka birki, sai ta saki totur, ta mayar masa da ikon motarsa. A doguwar tafiya tana hutar da ƙafa, tana kuma hana direba zarce gudun da ya yi niyya ba tare da ya sani ba.

Wani injiniya Ba'amurke mai suna Ralph Teetor, wanda ya makance tun yana yaro, shi ne ya ƙirƙiro ta, ya kuma samu takardar mallakar fasaharta a 1950. Kamfanin Chrysler ne ya fara sanya ta a motocinsa a 1958. Kamfanin Mercedes-Benz ya kawo tasa a 1975, ya sa mata suna Tempomat, kuma ita ce ake samu a wasu daga cikin motocin Marsandi ƙirar W123, waɗanda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, da ƙirar W124 da ta biyo baya, wadda aka fi sani da V-boot a Nijeriya. Motocin Fijo 504 da muka sani a nan ba su zo da ita ba. Tun da kuwa Fijo ce makarantar da yawancin tsofaffin kanikawanmu suka yi karatu a kanta, ba abin mamaki ba ne da 'yan kaɗan daga cikinsu suka laƙanci wannan na'ura.

A tsohuwar Marsandi, na'urar ta ƙunshi abubuwa biyar. Akwai hannun kunnawa kusa da sitiyari. Akwai ma'aunin da ke karanta gudun motar. Akwai ɗan akwatin lantarki a ƙarƙashin dashbod, wanda shi ne ƙwaƙwalwarta. Akwai majanyin totur a wajen injin, wanda a motocin farko yake aiki da ƙarfin zuƙar iska, a na baya kuma da ɗan ƙaramin injin lantarki. Sai na biyar, makunnin da ke manne da birki, wanda yake kunna fitilun baya, yake kuma gaya wa na'urar ta saki totur. Ɗaya daga cikin biyar ɗin nan in ya gaza, duka sun tsaya.

Kafin a fita nema

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara daga abu mafi tsada. Mai mota ya je gareji, an duba sama-sama, an ce masa ƙwaƙwalwa ce ta ƙone, sai an kawo wata daga Legas. Alhali kuwa bakanike mai natsuwa daga fiyus yake farawa, sannan ya zaga bayan mota ya duba ƙwan fitilun birki. A da yawa daga cikin waɗannan motoci, wutar na'urar tana bi ta cikin waɗannan ƙwayayen fitilu ne, saboda haka idan sun mutu, ita ma sai ta ƙi kamawa. Daga nan sai makunnin birki, sai kuma robobin iska a motocin da ke amfani da su. Zafin ƙasar Sakkwato, wanda yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana busar da roba har ta tsage, kuma tsaga ɗaya kamar ƙaiƙayi ta isa ta hana majanyin totur aiki.

Ko da an tabbatar akwatin lantarkin ne ke da ciwo, ba lallai ne ya mutu ba. Cutar da ta fi kama shi sananniya ce ga masu irin waɗannan motoci a duk duniya: dalmar da ta liƙe ƙananan kayan cikinsa tana tsattsagewa saboda zafi da girgiza na shekaru masu yawa, wasu kafasitoci kuma suna bushewa. Ƙwararren mai gyaran rediyo ko talabijin, mai hannu da haƙuri, yana iya sabunta dalmar ya musanya kafasitocin. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa. Ga shi kuma akwatin da za a kawo maka daga waje a matsayin kayan Beljiyam tsaran naka ne, shi ma ya ba shekara talatin ko arba'in baya, kuma mai yiwuwa ciwon da ke jikin naka yana jikinsa.

Idan gyara ya faskara, dole sai an saya, to a nan ma akwai ƙa'ida. Kada a sayi kaya da ido. Akwatuna biyu na iya yin kama kamar an tsaga kara, amma ɗaya na motar fetur ne, ɗayan na mai shan dizal, ko kuma shekarun ƙirarsu sun bambanta. Kowane ɗayansu yana ɗauke da lambarsa a jiki. A kwafi wannan lamba, a haɗa da lambar shasin motar, a ɗauki hoton bakin da wayoyi ke shiga, a tura wa mai sayarwa ta WhatsApp kafin a tura ko sisin kwabo. A kuma yi yarjejeniya a gaban shaida cewa in an gwada bai yi ba, za a mayar. Ɗan kasuwar da ya ƙi wannan sharaɗi ya riga ya gaya maka abin da ya sani game da hajarsa.

Abu ɗaya ne ba a yi masa dabara, shi ne makunnin birki. Duk bakaniken da ya ce zai haɗa waya ya tsallake shi domin na'urar ta kama, yana shirya wa mai mota kabari ne, domin motar za ta ci gaba da jan totur alhali direba yana taka birki. Gara na'urar ta zauna a mace da a tashe ta ta wannan hanya. Hasali ma, ko tana lafiya lau, ba a kunna ta cikin ruwan sama, ko a inda ramuka suka yi yawa, ko a bakin ƙauyukan da yara da dabbobi ke ƙetare titi.

Yadda kasuwa ta yi nisa

Mutumin Sifawa ko na Shagari da ke neman irin wannan kaya yakan fara da garejojin birnin Sakkwato. In bai dace ba, sai a buga waya Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna. In nan ma babu, sai Ladipo da ke Mushin a Legas, ko kasuwar Nnewi a Jihar Anambra, ko Kwatano. Kowane zango yana da dillalinsa da la'adarsa da kuɗin motarsa, kuma mai kaya bai ga abin da ya saya ba sai ya iso tasha. Daga ƙarshe sai intanet. Kamfanin Mercedes-Benz yana da cibiyar kula da tsofaffin motocinsa a Fellbach, kusa da Stuttgart a Jamus, wadda aka buɗe a 1993. Kamfanin Peugeot ma yana da gidan tarihi a Sochaux ta Faransa tun 1988, da sashen da ke sayar da kayan tsofaffin motocinsa. Sai dai farashinsu da kuɗin Turai ne, kuma dalar da gwamnati ke sayarwa a kan kusan naira 460 a watan Mayun 2023 ta haura naira 1,500 a cikin 2024.

Da can ba haka abin yake ba. An kafa kamfanin haɗa Fijo na Kaduna, wato PAN, a 1972, ya fara fitar da motoci a 1975. A wannan zamani ne Volkswagen ya buɗe a Legas, aka kuma samu masana'antun manyan motoci a Kano da Bauchi da Inugu da Ibadan. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mayar da Fijo 504 motar jami'an gwamnati, sai ta cika ma'aikatu da sakatariyoyin ƙananan hukumomi, daga nan ta gangara tashoshin mota. Turai ta daina ƙera 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har 2006. Saboda haka kayanta suka wadata, har ya zama da wuya ka je garin da ke da tasha ka rasa wanda ya san cikinta.

Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 da faɗuwar darajar naira sun sa sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Kasuwa ta koma ga motocin Beljiyam masu shigowa ta Legas da Kwatano, kowace da ƙirarta, kowace da irin kayanta. Ɗan kasuwa kuwa abin da ke tafiya yake sarowa. Da Toyota da Honda suka mamaye tituna, sai kantocin kayan Fijo da na tsohuwar Marsandi suka riƙa raguwa. Sannan ga matsalar iyaka. An hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairun 2017. An rufe iyakokin a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris na 2024 da Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. Ga mutanen Jihar Sakkwato, waɗanda Birnin Ƙwanni ya fi musu Legas kusa nesa ba kusa ba, kowace rufewa ƙarin tsada ce da ƙarin jira.

Rumbun da muke narkarwa

Duk waɗannan dalilai ne daga waje, kuma ba su a hannun mai karatu. Akwai wanda yake hannunmu. Kayan da kamfani ya daina ƙerawa ba shi da wani rumbu a duniya da ya wuce gawar 'yar'uwar motar. Marsandin da ta yi haɗari gabanta ya ragargaje, akwatinta na lantarki yana nan lafiya a ƙarƙashin dashbod. Fijon da injinta ya buga, giyarta da gilasanta da fitilunta da hannayen ƙofofinta za su iya tayar da motoci uku. Amma me ke faruwa da su? Mai sayen gwangwan yana zuwa da guduma da sikeli. Ƙarfe ya tafi kamfanonin narka ƙarfe na Legas da Ogun ya zama rodin gini. Alminiyam ya tafi wurin masu zuba tukwane. Wayoyi a cinna musu wuta domin a ciro jan ƙarfen da ke ciki. Akwatin lantarkin da wani ke nema ruwa a jallo a Kano ko Abuja, tun da ba shi da nauyi a sikeli, a bola yake ƙarewa.

Ba laifin mai gwangwan ba ne. Sana'arsa ce, da ita yake ciyar da iyali, kuma yana tsabtace gari. Abin da ya ɓace shi ne mataki guda tsakanin tsayuwar mota da narka ta, wato a kwance ta a tsanake, a ware abin da ke da sauran amfani, a rubuta lambarsa, a adana. A ƙasashen da ake ƙera motocin, wannan sana'a ce mai zaman kanta, kuma daga irin waɗannan wurare ne kayan Beljiyam da muke rububi suke fitowa. Ke nan muna biyan kuɗin jirgi da na kwastan domin mu sayi abin da wasu suka ware daga matattun motocinsu, mu kuwa muna narka namu.

Rumbu na biyu da ke ƙarewa yana cikin kawunan mutane ne. Tsofaffin kanikawan da ke jin ƙarar injin su faɗi ciwonsa, da masu gyaran waya da suka haddace hanyar kowace waya a 504, suna ta tsufa. Da yawa daga cikin samarin da a da za su zauna a gareji shekara biyar suna koyo, yau sun gwammace kabu-kabu mai kawo kuɗi kullum. Waɗanda suka zauna kuma zamani ya koya musu jona kwamfuta, a karanta lamba, a cire a musanya. Wannan ilimi ne mai amfani ga motocin yau, amma tsohuwar mota ba ta da bakin da za ta yi magana da kwamfuta. Duk ogan gareji da ya rasu bai bar wanda ya gaje shi ba, ya tafi da littafin da ba a taɓa rubutawa ba.

Ko ya dace a damu?

Mai karatu na iya cewa, ana fama da tsadar abinci da matsalar tsaro, ina ruwan talaka da kurus ɗin tsohuwar Marsandi? Yana iya ƙarawa da cewa tsofaffin motoci suna shan mai, suna hayaƙi, ba su da matakan kariya irin na zamani, kuma tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 riƙe su ya zama nauyi. Duk wannan gaskiya ne. Motar da shasinta ya ruɓe ko birkinta ba ya kamawa ba ta da hurumin ɗaukar fasinja, komai tarihinta.

Amma a lura da abu biyu. Na farko, hanyar da ake bi a rasa akwatin kurus ita ce dai hanyar da ake bi a rasa kafireta ko famfon birki na a-kori-kurar da ke kai albasar manomi kasuwa. Ga mai Marsandi abin marmari ne ya tsaya. Ga direban kasuwa, wanda ba shi da halin sayen wata motar, tukunyar gidansa ce ta tsaya. Kuma idan kaya na asali ya ɓace, jabu ne ke cike gurbinsa, jabun kayan birki kuwa rai yake ci. Na biyu, motar da ta cancanci a sauke ta daga titi ita ce ma ta fi cancantar a kwance ta da kyau, domin ta raya sauran.

Akwai kuma batun tarihi. Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas, kuma ɗalibai na zuwa kallonta. Jamus tun 1997 take ba motocin da suka shekara talatin, aka kuma kula da su, lamba ta musamman. Mu fa? Fijo 504 ce ta ɗauki malaman makaranta da alƙalai da amare da marasa lafiya na wannan yanki shekara da shekaru, kuma a Kaduna aka haɗa ta da hannun 'ya'yanmu. Ƙasar da ta haɗa Sifawa, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, da Shagari, mahaifar shugaban ƙasa na Jamhuriya ta Biyu, ba baƙuwa ba ce wajen sanin darajar abin da aka gada. Abin kunya ne a ce jikokinmu sai a hoto za su ga motar da ta yi wa kakanninsu hidima.

Abin yi

Ga magada da masu motocin da suka tsaya: kafin a kira mai sikeli, a kira bakanike. A cire fitilu da agogon dashbod da akwatunan lantarki da makunnai da kafireta da giya, a ɗaure kowane da takarda mai ɗauke da lambarsa da ƙirar motar, a ajiye a inuwa inda ruwa ba ya zuba. Sau da yawa kuɗin waɗannan ya fi na gangar jikin da za a auna.

Ga ƙungiyar kanikawa ta NATA da shugabannin garejoji: a buɗe rajistar abin da kowa ke da shi a ajiye. Zaure ɗaya na WhatsApp da ya haɗa kanikawan Boɗinga da Yabo da Shagari da Tambuwal da na birnin Sakkwato zai iya rage tafiye-tafiye da yawa zuwa Legas. A kuma ƙulla fahimta da 'yan gwangwan, su riƙa sanarwa kafin su fasa tsohuwar mota, tun da su ma ribarsu za ta ƙaru.

Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da sauran makarantun koyon sana'a na jiha: a gayyato tsofaffin kanikawa su koyar, a ɗauki bayanansu a bidiyo da Hausa tun suna raye. A sa ɗaliban lantarki su koyi farfaɗo da akwatunan mota, domin sana'a ce da kasuwarta ke ƙaruwa, tun da motocin yau sun fi na jiya yawan irin waɗannan akwatuna, kuma su ma tsufa na jiran su. Hukumar bunƙasa harkar ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, tana da rawar takawa wajen tsara wuraren kwance motoci masu rajista, wanda zai kuma taimaka wajen toshe kasuwar kayan sata.

Ga gwamnatin jiha kuwa: Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu ta cancanci a ba ta Fijo 504 guda ɗaya mai lafiya, daga cikin waɗanda suka yi aikin gwamnati, tun ana iya samu.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar biliyoyin naira ko jiran Abuja ta buɗe iyaka. Takarda da alƙalami da ɗan ɗaki mai inuwa sun isa a fara. Kowace tsohuwar mota da ta shiga wutar narka ƙarfe da kayanta a jiki, ta ƙara wa wanda zai nemi irinsu gobe nisan tafiya da tsadar farashi. Allah ya sa masu abin su farga tun da sauran abin warewa.